Zomon Gida: Abincinsa Da Ciwon Cikinsa

Maigida, wannan takarda taka ce, kai da uwargida da yaran da ke kiwon zomo a bayan ɗaki. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, a karanta masa.

Ka san yadda abin ya kan faru. Yaro ya tara 'yan kuɗinsa, ya sayo zomaye biyu ran kasuwa, mace da namiji. Ya yi musu ɗaki, suka hayayyafa, yana ta murna. Ran nan da safe sai ya tarar da ɗaya a kwance, ciki ya kumbura kamar ganga. Kafin kwana uku sauran sun bi shi. Sai a ce iska ce, ko kambun baka, ko kuwa a ce dama zomo ba shi da ƙarko. Alhali kuwa yawancin wannan hasara daga ciki ta ke farawa, ciwon ciki kuma daga abinci ne, da ruwa, da ƙazanta. Waɗannan abubuwa uku duk a hannunka su ke.

ZOMON GIDA DABAM, ZOMON DAJI DABAM

Zomon da mafarauta ke kora a dajinmu wani iri ne dabam. Shi a kan haife shi da gashi, idonsa a buɗe. Zomon gida kuwa tsirara a ke haihuwarsa, makaho, sai ya yi kamar kwana 10 ya buɗe ido. Asalinsa daga Turai ne, wajen ƙasashen Sifen da Fotugal. Can a cikin rami ya ke wuni, sai da yamma da asuba ya fito ya yi kiwon ciyawa.

Ka riƙe abu biyu daga wannan. Na ɗaya, an gina cikinsa domin ciyawa. Na biyu, ba ya jure zafi.

YADDA CIKIN ZOMO KE AIKI

Zomo yana da haƙora 28, kuma ba su daina tsiro muddin ransa. Na gaba su kan ƙaru kamar milimita 2 kowane mako, watau wajen inci 4 a shekara. Taunar ciyawa ce ke goge su, su tsaya daidai. In babu abin tauna mai tauri, sai su yi tsawo, su yi tsini, su yanke masa harshe da kumatu.

Zomo ba ya amai. Kare in ya ci mugun abu ya kan amayar ya huta. Zomo kuwa duk abin da ya haɗiya, tilas ya bi hanji har ƙarshe. Saboda haka ne abin da bai isa ya dami akuya ba ya kan kashe shi.

Ka san akuya da saniya suna da tumbi a gaba, inda ciyawa ke jiƙa, sa'an nan su yi tuƙa. Zomo shi ma yana da irin wannan jaka, amma tasa a baya ta ke, inda ƙaramin hanji ya sadu da babba. Bari mu kira ta tumbin baya. Ta fi cikinsa na gaba girma nesa. A cikinta akwai ƙananan halittu masu yawan gaske, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narkar masa da ciyawa. Waɗannan ƙwayoyi abokansa ne, in babu su ba zai rayu ba.

Sa'ad da abinci ya iso nan, sai hanji ya tankaɗe shi kamar yadda uwargida ke tankaɗe gari. Mai laushi ya shiga tumbin baya ya jiƙa. Mai tauri, watau zaren ciyawa, ya wuce ya fita. Kada ka ce wannan zare banza ne don ya fita bai narke ba. Shi ne ke tura hanji ya yi ta motsi dare da rana. Ran da zare ya yi kaɗan, hanji ya kan yi sanyi. Ran da hatsi da zaƙi suka yi yawa, sai miyagun ƙwayoyi su rinjayi na kirki a cikin tumbin baya, su cika shi da iska da dafi.

KASHI IRI BIYU

Zomo mai lafiya yana yin kashi iri biyu.

Na farko shi ne wanda ka saba gani: ƙwallaye busassu, girmansu ɗaya, ba wari. In ka murje ɗaya za ka ga garin ciyawa. Babban zomo ya kan zubar da 200 zuwa 300 a yini da kwana.

Na biyu mai laushi ne, mai sheƙi da yauƙi da wari, ƙanana a manne da juna curi guda. Daga tumbin baya ya ke fitowa, yawanci da dare ko da sassafe. Zomo ya kan sunkuya ya karɓe shi da baki tun bai taɓa ƙasa ba, ya haɗiye. Kada ka yi ƙyama, kada kuma yara su hana shi. Wannan ita ce tuƙarsa. A ciki ya ke samun abin gina jiki da bitamin waɗanda ƙwayoyin nan suka yi masa.

To, kashin zomo shi ne ke ba ka labarin cikinsa. Kowace safiya ka duba shi kafin a share.

ABINCIN ZOMO NA KULLUM

Abu huɗu ne, ga su bi da bi bisa ga girmansu.

1. Ciyawa da harawa. Wannan shi ne tuwon zomo. In ka kasa abincinsa kashi 10, kashi 8 su zama ciyawa da harawa. Kowace rana ka ba shi tuli wanda ya kai girman jikinsa, kada kuma wurinsa ya rabu da ita ko da dare, gama da dare ya fi ci. Kyasuwa, da burburwa, da harƙiya, da ƙiri-ƙiri, da gamba tun tana ƙarama, duk suna da kyau, ɗanyu ko busassu. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi ciyawa maiƙo. Sun dace ƙwarai da 'ya'ya masu girma, da zomanya mai ciki ko mai shayarwa. Amma babban zomo da ke zaune kawai, ka gauraya masa harawa da ciyawa. In harawa zalla ya ke ci, ya kan yi ƙiba, fitsarinsa ya yi kauri fari kamar an dama alli.

2. Ɗanyen ganye. Cikin tafin hannu biyu a rana ya ishe babban zomo. Ganyen dankalin Hausa, da zogale, da ganyen karas, da ganyen wake, da ganyen gwanda, da na ayaba, duk yana ci. Gara ka haɗa iri biyu ko uku da ka cika shi da iri ɗaya. Alayyafo da kabeji da latas, kaɗan-kaɗan.

3. Dusa. Dusar alkama, ko ta masara, ko ta gero, ko abincin zomo na kamfani in kana samu. Wannan miya ce a kan tuwo, ba a cika ta. Zomo mai nauyin kilo 2, cokalin cin abinci 3 ko 4 a rana sun ishe shi. Zomanya mai shayarwa a ninka mata. In ka yayyafa wa dusa ruwa don kada ta shiga masa hanci, abin da ya rage bayan awa biyu ka zubar, gama jiƙaƙƙiyar dusa tana saurin tsami.

4. Ruwa. Waɗansu suna cewa zomo ba ya shan ruwa, wai ganye ya ishe shi. Wannan magana ta kashe zomaye da yawa. Zomo mai kilo 2 ya kan sha fiye da cikin gwangwanin madara ɗaya a rana, da bazara kuwa ya ninka haka, mai shayarwa ta fi. In babu ruwa ya kan daina cin harawa, abin da ke cikin hanji ya bushe ya tsaya. Ka ba shi ruwan da kai za ka iya sha, a cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba. A wanke kaskon a sake ruwa safe da yamma.

Karas, da mangwaro, da gwanda, da kankana, kayan kwaɗayi ne. Zaƙinsu ya yi yawa. Yanki kamar girman babban yatsanka, sau biyu ko uku a mako, ya isa.

ABIN DA BA A BA ZOMO

Kada a ba shi sauran tuwo, ko shinkafa, ko burodi, ko biskit, ko alewa, ko ƙosai. Yara suna jin daɗin ganin yana karɓa daga hannunsu, shi kuma ba ya ƙi. Amma wannan ƙauna ce mai kisa. Kada kuma a zuba masa tsabar masara, ko dawa, ko ɗanyen wake ya ci ya ƙoshi.

Waɗannan tsire-tsire kuwa guba ne, ka nuna wa yara su da ido don kada su haɗo su cikin ciyawa: tumfafiya, da zaƙami, da zurma, da bini-da-zugu, da tinya, da ganyen taba, da ganyen tumatir, da ganyen dankalin Turawa. Haka albasa, da tafarnuwa, da fiya, da ɗanyen rogo da ɓawonsa. Gyauron dawa, wanda ka san yana kashe awaki da shanu, yana kashe zomo.

Kada a yanko ciyawa a gonar da aka yi wa feshi, ko a bakin gonar. Kada a yanko a juji, ko bakin kwata, ko inda karnuka ke kashi. Ƙwan tsilar kare ya kan manne a ciyawa, in zomo ya ci sai ya zama ƙuraje masu ruwa a cikin cikinsa.

Kada ka ba shi abincin kaji na kamfani. Sau da yawa a kan sa wa abincin kaji wani magani wanda kaza ke jurewa amma ya ke kashe zomo.

Ka yi hankali ƙwarai da fumfuna. Harawar da ruwa ya daka a kan rufi, da dusar da ta dunƙule a buhu, da gyaɗar da ta yi baƙi, duk suna iya ɗauke da wata guba da a ke kira aflatoksin, mai lalata hanta. An gano ta ne bayan shekarar 1960, sa'ad da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da aka kai daga Burazil. Zomo yana cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Dafuwa da shanya ba su kawar da ita. Ka sansana harawa kafin ka ba shi. In tana warin rima, ko ta yi fari-fari ko baƙi-baƙi, ka ƙone ta. Wannan guba tana cutar da mutum ma, saboda haka gyaɗar da ba ka yarda zomo ya ci ba, kada ta shiga miyar gidanka.

KADA KA SAUYA ABINCI FARAT ƊAYA

Ƙwayoyin da ke cikin tumbin baya su kan saba da abincin da su ke samu kullum. In an sauya musu da gaggawa sai su rikice. Saboda haka kowane sabon abinci, ka fara da kaɗan, ka duba kashi washegari. In yana nan daidai, ka ƙara. In ya yi laushi, ka janye. Ka ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin sabon ya maye gurbin tsoho. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokaci uku ne a kan yi wannan kuskure.

Farkon damina. Zomo ya yi wata shida yana cin busasshiyar harawa, sai ruwa ya sauka, yara su kwaso sabuwar ciyawa mai ruwa su cika masa ɗaki. Ka ci gaba da ba shi busasshiya, kana ƙara ɗanya kaɗan-kaɗan. Tun da kaka ka ajiye harawar da za ta kai ka tsakiyar damina, a wuri mai rufi, bisa dandamali.

Ranar da aka sayo shi. Ka tambayi mai sayarwa abin da ya ke ba shi, ka fara da wannan.

Lokacin yaye. Za a yi bayaninsa a gaba.

Wani abu kuma: ɗanyar ciyawa in an tara ta tuli, ko an bar ta a buhu, ta kan yi zafi ta fara ruɓa. Sa hannunka a ciki ka ji. In da ɗumi, kada ka ba shi. Da an yanko, a baza ta a inuwa ta sha iska. A rataye ta a jikin keji ko a sa a raga, don kada ya tattake ta ya yi kashi a kai.

CIWON CIKI DA ALAMUNSA

Zomo dabba ne da kowa ke farauta, don haka ya kan ɓoye ciwonsa. Sa'ad da ka ga alama, ciwon ya riga ya yi nisa. Kada ka ce bari mu gani zuwa gobe.

Tsayawar hanji. Zomo ya rage ci, ko ya daina. Kashinsa ya ƙanƙance, ya yi kaɗan, sa'an nan ya ɗauke. Ya takure a lungu, ya ƙanƙame jiki, wani lokaci ka ji yana cizon haƙora da ƙarfi. Wannan cizo alamar zafin ciwo ce. Abin da ke kawo shi: ƙarancin ciyawa, ko ƙarancin ruwa, ko zafin rana, ko ciwon haƙori, ko tsoro, kamar in kare ko muzuru ya kwana yana zagaya kejinsa. Ka riƙe wannan ƙa'ida: zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, yana bakin mutuwa. A kai shi wurin malamin dabbobi a ranar. Kafin ku tafi, ka miƙa masa ɗanyen ganyen da ya fi so. Ka ɗiga masa ruwa mai tsabta a gefen baki da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan, kana bari ya haɗiye. Ka sake shi ya ɗan taka, gama tafiya tana motsa hanji. In kunnuwansa sun yi sanyi, ka lulluɓe shi da tsumma. Kada ka hana shi abinci wai don cikinsa ya huta. Yunwa ta kwana ɗaya ko biyu tana lalata hantar zomo, balle mai ƙiba.

Gashi a ciki. Zomo yana lasar jikinsa kamar kyanwa, yana haɗiye gashi. In ka ga ƙwallayen kashi a jere kamar an zura su a zare, gashi ne. Maganinsa ciyawa da ruwa, su ne ke tura shi waje. Lokacin da ya ke zubar da gashi, ka jiƙa hannu ka shafe jikinsa kullum ka cire wanda ya saki. Ruwan abarba ko na gwanda da waɗansu ke ba shi ba ya narkar da gashi.

Kumburin ciki. Wannan ya fi kowanne gaggawa. Zomo yana lafiya da safe, da azahar ya ƙi abinci, cikinsa ya cika ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, numfashinsa yana sama-sama. Sau da yawa wani abu ne ya toshe hanji, kamar curin gashi, ko ƙwayar wake, ko leda, ko tsumma. Tun da ba ya amai, babu inda iska da ruwa za su fita. Yana iya mutuwa cikin 'yan awoyi. Kada ka matsa cikin. Kada ka ɗura masa abinci, ko manja, ko man gyaɗa, ko kanwa. Mai ya kan sarƙe shi ya shiga huhu. A ɗauke shi nan take zuwa asibitin dabbobi.

Zawo. Kashi ya zama ruwa, ko majina, wani lokaci da jini. Gindi da ƙafafun baya su ɓaci, ido ya faɗa, jiki ya saki. Ya fi kama 'ya'ya daga mako 4 zuwa mako 12, kuma ya kan kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka ware marar lafiya daga sauran. Ka janye dusa da ɗanyen ganye, ka bar busasshiyar ciyawa da ruwa. Sa'an nan ka nemi malamin dabbobi a ranar.

Babban mai kawo zawon 'ya'ya wata ƙwayar cuta ce da a ke kira koksidiya. Iri-iri ce. Waɗansu suna cin hanji, ɗaya tana cin hanta: ɗan zomo ya rame, ciki ya yi tulu, in an fede shi a ga farin ɗigo-ɗigo a hantar. Uwa ta kan ɗauki cutar ba ta nuna ba, tana zubar da ƙwanta a kashi. Amma ga abin da zai taimake ka: ƙwan ba ya kama wani zomo ranar da ya fito. Sai ya yi kwana ɗaya ko biyu a wuri mai laima tukuna ya nuna. Wanda ke share ɗakin zomo kowace rana, ya kwashe cutar tun ba ta nuna ba. Akwai magani, malamin dabbobi ne zai auna maka shi.

Kashi mai laushi da ke manne wa gindi. In kana ganin ƙwallaye busassu kamar kullum, amma ga curin mai laushi a zube ko a manne a gashinsa, wannan ba zawo ba ne. Tuƙarsa ce ya bari bai ci ba. Dusa da kayan zaƙi sun yi masa yawa, ko ƙiba ta hana shi sunkuyawa. Ka rage dusa, ka ƙara ciyawa. Ka wanke gindin da ruwan ɗumi ka tsane shi sarai. In ka bar shi, ƙuda zai yi ƙwai a wurin, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin namansa.

Ciwon haƙori. Ya zo wurin abinci da marmari, ya ɗauka ya yar. Yawu yana jiƙa masa haɓa, ido yana hawaye, yana ramewa. Kada ka yanke haƙorin da almakashi ko abin yankan farce, ya kan tsage har cikin dasashi. Aikin malamin dabbobi ne.

Mutuwar farat ɗaya. In manyan zomaye masu lafiya suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da jini a hanci, wannan ya wuce abinci. Akwai annoba mai cin hantar zomo wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984. Wani sabon irinta ya ɓulla a Faransa a 2010, ya iso Nijeriya a 2020. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi. Ba ta kama mutum. Ka kai rahoto ofishin dabbobi, kada ka sayar da sauran, kada kuma yaran maƙwabta su shiga wurin su koma wa nasu.

KADA KA BA ZOMO MAGANIN MUTANE

Wannan gargaɗi ne babba. Mutane da yawa in dabba ta yi zawo sai su sayo kafso a kanti su farke su zuba a ruwa. Magungunan nan irin su fenisilin, da ampisilin, da amoksisilin, da Ampiclox, da linkomaisin, in zomo ya sha su ta baki, suna kashe ƙwayoyin kirki na tumbin baya, su bar miyagu su yi sarauta. Bayan 'yan kwanaki sai zawo mai tsanani ya zo, zomon ya mutu. Mai shi kuwa ya ce ciwon ne ya fi ƙarfin magani, alhali maganin ne ya kashe shi. Abin da ya warkar da ɗanka ko kazarka ba lalle ya warkar da zomo ba. Kowane magani, sai wanda malamin dabbobi ya faɗa, bisa awon da ya faɗa, har kwanakin da ya faɗa.

'YA'YA DA YAYE

Zomanya ta kan yi ciki kamar kwana 31. Sau ɗaya ta ke shayarwa a rana, wani lokaci sau biyu, na 'yan mintoci kaɗan, yawanci da dare. Kada ka ce ta yar da su don ba ka gan ta a kansu ba. In cikinsu a cike ya ke da safe, suna sha. Kada a ba su nonon saniya ko madarar gwangwani, ba su dace da cikinsu ba.

Wajen mako 3 su kan fito su fara taɓa abin da uwa ke ci. A sa musu harawa mai laushi mai tsabta. Kada a yaye su kafin mako 6, in sun kai 8 ya fi. Bayan yaye, abin da suka saba ci tare da uwa shi za a ci gaba da ba su. Kada a kawo sabon ganye sai sun wuce mako 12. Ɗan zomon da a ke sayarwa a kasuwa tun yana cikin tafin hannu, yawanci an raba shi da nono da wuri, kuma ba safai ya ke rayuwa ba. Ka hana yaronka sayen irinsa, komai araharsa.

ZAFI

Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwa ya ke fitar da zafi. In zafi ya wuce digiri 30 sai ya rage ci. In ya wuce 35 ransa yana cikin haɗari. A ƙasarmu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan haura 40. Ka sa kejinsa ƙarƙashin itace mai inuwa, inda iska ke ratsawa. In rufin kwano ne, ka shimfiɗa masa zana ko kara a bisa. Da tsakar rana ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen da iska ke shigowa. Ka ajiye masa tulu mai ruwan sanyi ya jingina da shi. Ka ba shi yawancin abincinsa da yamma da asuba. In za ka ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi. Kada a ɗaga shi da kunne.

TSABTA, DOMINSA DA DOMIN IYALINKA

A share kashi da ragowar abinci kowace rana. Keji mai ƙafa wanda kashi ke zubewa ƙasa ya fi ɗakin ƙasa mai laima, amma a sa masa katako ko tabarma a gefe ɗaya inda zai huta da ƙafafunsa. Sau ɗaya a mako a wanke kasko da keji da tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Kada a cunkusa su da yawa wuri ɗaya. Sabon zomo a ware shi mako 2 ko fiye kafin a haɗa shi da na gida. A rufe dusa don ɓera.

Duk wanda ya taɓa zomo ko ya share wurinsa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Waɗansu ƙwayoyin zawo suna iya wucewa daga dabba zuwa mutum, kuma ƙananan yara su suka fi kamuwa. Kada kejin ya kusanci madafa, ko randa, ko rijiya. Zomon da ya mutu a binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba. Kada a yanka marar lafiya don a ci. Wanda aka yi wa magani, sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika. Kashin masu lafiya kuwa taki ne mai kyau, a tara shi a rami a kai lambu.

ABIN DA ZA KA DUBA KOWACE SAFIYA

Ka koya wa yaron da ke kiwon waɗannan tambayoyi shida, ya riƙa ba ka amsa kafin ya tafi makaranta:

1. Ya cinye ciyawar daren jiya?
2. Ruwansa ya ragu?
3. Kashinsa yana da yawa, busasshe, girmansa ɗaya?
4. Gindinsa da haɓarsa a bushe su ke?
5. Cikinsa da laushi?
6. Ya taso da ya ga abinci?

In amsar duka i ce, zomonka lafiya lau. In ɗaya ta zama a'a, ka je ka duba da kanka. In bai ci ba, ko bai yi kashi ba, ko ciki ya kumbura, ko yana zawo, ka sa shi a kwando da 'yar ciyawa, ka rufe shi daga rana, ku tafi wurin malamin dabbobi. Tun yau ka tambayi inda ofishinsa ya ke da ranar da ya ke zuwa kasuwarku, kada sai ciwo ya zo ka fara nema. Rigakafi ya fi magani.

In ka gama karanta wannan takarda, ka ba maƙwabcinka.